Sunan da Aka Kankare a Salsalar Aldakot

Zuwa ga maigidana Warin, ubangidan Aldakot.

Gaisuwa mai yawa da begen ganinka. Ina fata kana lafiya, kai da mutanenka, kuma sanyin iyakar Arewa bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mu nan lafiya lau. An gama girbin sha'ir, 'yarka Isme tana gaishe ka.

Iyayen mijin da za ta aura sun aiko suna son kwafin salsalar gidanmu kafin biki. Na buɗe akwatin mahaifinka na ɗauko tsohuwar fatar da aka rubuta salsalar a kai, na ba Fada Hamon, limamin cocinmu, ya kwafa. Shi ya kira ni ya nuna mini wani abu. Ƙarƙashin sunan kakanka akwai 'ya'ya biyu, mahaifinka da Goggo Sibil. Amma kafin su akwai wuri guda da aka kankare da wuƙa har fatar ta kusa hujewa. Da muka ɗaga ta a hasken taga, muka ga ragowar harafi ɗaya.

Ka taɓa jin cewa mahaifinka yana da wa? Shekara ashirin ina gidan nan ban ji ba. Ka san halina, ba zan iya bari ba. Jibi zan hau doki zuwa gidan zuhudu inda Goggo take zaune in gan ta.

Matarka mai ƙaunarka,
Amis

Zuwa ga maigidana Warin.

Bayan gaisuwa da fatan Ubangiji ya tsare ka. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Na sami Goggo Sibil ta tsufa sosai, ido ya tafi, amma bakin yana nan. Da na tambaye ta sai ta yi dariya ta ce, "Shekara sittin maza suna buɗe akwatin nan, sai da matar ɗa ta zo aka sami mai ido." Ta ce sunansa Yudo, shi ne ɗan fari. Zazzaɓi ya kama shi yana goye, ya tashi ba ya ji, ba ya magana. Kakanka ya ji tsoron idan shi kansa ya mutu mutanen sarki za su ce magajin ba shi da hankali, su riƙe ƙasar da sunan kula da shi, su sare dazukan, su tatse manoma. Yana shekara bakwai aka buga ƙararrawar mutuwarsa, aka binne akwati cike da duwatsu.

Na ce, to ina aka kai shi? Ta ce, "Zumar wa kike ci kullum da burodi?"

Warin, tsohon kurman nan ne mai amya a bakin dajin Rafin Fari. Wanda yaranmu suke kira Baba Shiru.

Na biya ta can a hanyar dawowa. Na same shi yana gyaran amya, ƙudan zuma sun rufe hannunsa, ko a jikinsa. Hankalinsa ras. Na daɗe ina kallonsa. Goshin mahaifinka ne, har yadda yake karkata kai idan yana duban mutum. Bai taɓa aure ba. Ya ba ni saƙar zuma a ganye, ya rusuna mini, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Na san abin da ke ciki. Muddin yana raye, idan zancen ya fita, ƙasar nan tasa ce a shari'a, sarki kuma zai zama waliyyinsa, auren Isme ma yana iya lalacewa. Ka gaya mini yadda zan yi.

Taka,
Amis

Zuwa ga maigidana Warin.

Gaisuwa da godiya, wasiƙarka ta iso ana saura kwana uku Kirsimeti. Na yi murna da jin raunin da ka ce ka ji a kafaɗa ya warke.

Na yarda da kai cewa ba ka sani ba. Na kuma bi umarninka: an aika da kwafin yadda fatar take, ba a mayar da sunan Yudo ba, Fada Hamon ya yi alkawarin riƙe bakinsa. Sai dai ba ka hana ni ciyar da baƙo ba. Ranar idin Kirsimeti, da talakawa suka zo cin abinci a babban zaure kamar kowace shekara, na aika da keken doki aka ɗauko Yudo. Ashe tun da aka fitar da shi bai sake taka gidan nan ba.

Ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana duban rufi. Daga nan ya wuce teburin manoma, ya wuce na barori, ya hau dakali, ya shafa hannun babbar kujerar da kake zama, daidai inda aka sassaƙa kan barewa. Sai ya zauna. Sarkin gida ya matso zai janye shi, na ce a bar shi, tsoho ne, ƙafarsa ta gaji. Ni na zuba masa nama da hannuna. Ya ci kaɗan, yana hawaye, yana murmushi.

Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, don haka na ba shi ɗaki kusa da murhu. Kullum da rana yakan koma kujerar nan, kuma ban da niyyar tashinsa. Idan ka dawo ka gan shi da idonka, kai za ka zaɓi inda za ka zauna.

Ubangiji ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka,
Amis