Ƙullin Irin Kuɓewa

Talata Mafara

Kubura, Taibatu ta buɗe baki!

Gafarta mini, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum ƙanwata. Ina gajiya, ina mutanen Bakura, yaya yara da damina?

Kin sani, shekara biyu da gudowarmu daga Gidan Goga matata ba ta taɓa ambaton ranar ba, ba ta dariya, daga i sai a'a. To jikarmu Nusaiba ta zo hutu daga jami'a da littattafan labaran matan Haiti, wata ƙasa can tsakiyar teku. Na duba ɗaya, karatuna na yaƙi da jahilci bai kai nan ba. Ta bayyana mini cewa a wanda take nazari, matan ba su faɗin wahalarsu ido da ido. Sai ana kitso, hannu na aiki, mace ta jingina labarinta ga wata.

Jiya ta tsefe kanta ta zauna gaban kakarta. Kitso ya kai rabi na ji Taibatu ta ce, "An yi wata mata da ta gudu ba takalmi, da goyon da ba nata ba."

Yayanki,
Jatau

Bakura

Yaya, wa'alaikumus salam. Muna lafiya, kowa na gaishe ku.

Kai murna, ni tsoro. Yarinyar nan za ta tone ciwo ta koma makaranta, ta bar ku da kuka. Kuma me ya kai dattijo laɓewa wurin kitson mata? Allah ya ba Yaya Taibatu lafiya.

Kubura

Talata Mafara

Ƙanwata, sallama da gaisuwa. Ba laɓewa na yi ba, rediyona nake gyarawa kusa da su.

Gaskiyarki, ta yi kuka kwana biyu. Amma sau huɗu Nusaiba na tsefe kai, har fatar ta yi tsami, don labarin ya ci gaba. A na huɗun, matar cikin labarin ta tsira da irin kuɓewar mahaifiyarta ƙulle a gefen zane. Taibatu ta bar kitson, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya ban san da shi ba.

Ta shuka a bayan gida, rabi ya tsiro. Ɗazu ta bi akuyata da muciya tana dariya, ta ce ni da akuyar halinmu ɗaya.

Ki kwaso yara, ki faɗa wa 'yan'uwa na Dakko da Maradun. Kowa ya zo ya gani, kafin akuyar nan ta riga ku.

Jatau