Babin Ƙarshen Littafin Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Littafin Yaya ya fito. Anti, matarsa, ta ajiye ɗaya a teburinsa kusa da tabaransa. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki. Labarin wani ɗan leƙen asiri ne mai tsoron kaji, kuma duk shaƙiyancin da na taɓa yi a gidan nan Yaya ya kwashe ya ɗora masa.

Babin ƙarshe kuwa nawa ne. Yaya ya rasu bai kai nan ba, ni na zauna ina faɗa, mai na'urar rubutu yana bugawa. Daga shi sai Anti sai mai ɗab'i suka sani.

Laraba, 5 ga Maris
An yi sharhinsa a rediyo. Wani malami wai ya yi dariya har ya ƙware. Wata ta ce bin juna da mota ya yi yawa. Ina shago ina gyaran fanka. Na ci gaba da gyara.

Asabar, 8 ga Maris
Jarida. Ni da boko sai a hankali, Anti ce ta karanta min. Yabo, yabo, sai na ga idonta ya tsallake layi. Na ce ta koma.

"Babin ƙarshe kamar an ɗauke wuta. Marubucin ya gaji."

Ta ce, "Auta, rabu da su."

Yaya bai gaji ba. Har a gadon asibiti tsokanar masu jinya yake yi.

Lahadi, 9 ga Maris
Na ci abinci. Na kwanta.

Alhamis, 13 ga Maris
Mai ɗab'i ya zo shago. Za a sake bugu, wai ko in gyara babin ko ya tafi haka da sunan Yaya. Ya ce ta yaya zai gagare ni, ni da ke sa gawa dariya. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya kama kallon fanka.

Talata, 18 ga Maris
Hanya ce ta bi da ni wajen mai na'ura, ba zuwa na yi ba. Na ce ya rubuta: an kama ɗan leƙen asirin, an ɗaure, ya yi ta gyara wa masu tuhumarsa tambayoyi har suka yi faɗa da juna, ya shiga rabon faɗan, ya fice.

Mai na'ura ya kifa kai a kan tebur don dariya. Ni ma wani abu ya fito min daga ƙirji. Tari ne, ina jin.

Ya ce in dawo gobe. Ban ce a'a ba.