Ruwan Pampo da Ƙafafun Ɗan Fari

Tudun Ƙirya, ta Agiye
Watan Maris

Zuwa ga uwargidana Lantana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ruwan zafi, ya jaririyarmu Nasira? Ki durƙusa mini gaban Inna ki gaishe ta, don ni ko a takarda kunyarta nake ji. Mu nan lafiya lau, in an cire cikina.

Na ba Tanimu direba takardar nan ne don wayar gidanku tana aljihun Baba, ba kuwa kowace magana ke bi ta aljihun suruki ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi a lakol, makarantar boko, aka ce in je in taimaki gona, gonar ma ba ta gode ba.

Tun da kika tafi gida haihuwa ni da tsohuwata Iya muke girki, ita ba ido, ni ba basira. Jiya na ɗora wake da hantsi, har la'asar yana ƙara cikin tukunya kamar tsakuwa. Ashe shi ya sa kanwa ba ta daɗewa a gidan nan, ni ina ta zargin maƙwabta kike rabawa. Ruwan pamponmu ne. Butar shayina ta yi farin ɓawo daga ciki, sabulu kuwa ko rabinsa na goge ba ya kumfa. Duk da haka ban yarda a zagi pampo a gabana ba. Ni na fara jawo shi har tsakar gida a layinmu, shekarar da aka haifi yaron nan, kuma garau yake, ba kamar na rijiyarku mai kwaɗi ba.

Yaron naki yana nan. Malaminsu na lakol, wanda suke kira Mushe, ya aiko wai kullum a makare yake zuwa, shi kuma ya ce wa Iya gwiwa ke ciwo. Gado ne, ni ma da wannan gwiwar na bar lakol. Matar maƙwabci ta ce haƙoransa sun yi ja, na ce goron Iya yake sata.

Ki dawo da wuri kafin wake ya kashe ni.

Naki,
Wada


Watan Afrilu

Lantana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Saƙon daddawa ya iso, Allah ya saka wa Inna.

Mushe ya sake aikowa, wannan karon ni yake nema. Na sa babbar riga, na shirya kalmomin Faransancina duka biyar. Sai ya tsayar da ni a inuwa lokacin da aka tashi yara, ya ce in duba ɗana.

Kin san ni da ɗan fari. Shekara bakwai ban kira sunansa ba, ban ɗauke shi ba, in ya shigo zaure katanga nake kallo, har a majalisa ana misali da kunyata. Ke ma ba ki fi ni ba. Ranar nan na dube shi. Lantana, ƙafafun sun lanƙwashe. Gwiwoyin suna gogar juna, yana jan hagu, yana tsayawa kamar mai neman abu a ƙasa don kada a gane hutawa yake. Ba kuma shi kaɗai ba ne a filin nan. Na ga wasu ma, duk 'yan unguwar da pampo ya fara isa.

Na kai shi likita. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya buɗe masa baki, ya lallatsa ƙaurinsa, ya tambayi ruwan da yake sha. Na buga ƙirji na ce na pampo, tun daga yaye, har tafasawa muke yi saboda ni na san ƙwayoyin cuta. Ya ce farin ɓawon buta ba shi ne abin tsoro ba. Akwai wani sinadari da ruwan ke ɗaukowa daga dutsen da aka haƙa can ƙasa, ba launi ba wari, babba yana jurewa, amma yaro haƙora da ƙashi yake ci masa. Tafasawa kuma ba ta kore shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Ka ji mai ilimi.

Na tambaya ko ƙafar za ta miƙe. Ya ce bai yi mini alkawari ba, amma in an sake masa ruwa yanzu, abin zai iya tsayawa inda yake.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Wada


Watan Mayu

Uwargida Lantana,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Inna. Allah ya sa zafin nan bai taɓa Nasira ba.

Na nemi wani ruwa. Tsohuwar rijiyar gari an cike ta da shara tun zuwan pampo, da kwandon gidanmu a ciki. Na ari jaki na sauka fadama da bido biyu, jarkokin nan na ruwa, na dawo bayan azahar, jakin ne ma ya fi ni kyan gani. Kwana biyu ruwan ya ƙare. Ko da zan iya kullum, a lakol pampo ne, a gidan abokansa pampo ne, ƙishi kuwa ba ya jiran a dawo gida. Mun kai kuka wajen masu kula da ruwan, an ce za a aiko masu aunawa.

Kin tuna da aka yaye shi Inna ta ce a ba ta shi ta riƙe, kamar yadda ake yi da ɗan fari, na ce ɗana ba zai sha ruwan kwaɗi ba? To ki roƙar mini ita, bakina ba zai iya ba. Ga shi nan tare da takardar, Tanimu zai sauke shi a Gazawa hannun ƙanenki. Kayansa na cikin buhu, da allonsa na lakol. Ku ma ku zauna can. Kada ki kawo mini Nasira garin nan, ko na rubuto ina kukan wake.

Wannan ƙarshen a tasha nake ƙara shi, kan bayan mota. Da muka fito ya kasa hawan tudun kasuwa, ya zauna a ƙasa. Na waiga ba wanda zan aika. Sai na kira shi da sunansa, a gaban majalisa. Lantana, waige-waige ya yi, yana neman mai kiran. Sai da na sake sannan ya gane ni ne.

Na goya shi har nan. Na jira 'yan majalisa su yi mini dariya, ba wanda ya yi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A hanya ya tambaye ni ko laifi ya yi ake korarsa, na ce a'a, kakarsa ce ta rasa miji take nemansa. Ya yi dariya da jajayen haƙoran nan. Irin dariyata ce, ban taɓa sani ba.

Ki riƙa duba mini ƙafafunsa, ki ajiye kunyar. Ki rubuto abin da kika gani, ko ba daɗi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Wada, uban Muntari