Waken da Na Zaɓa Musu

Asabar, bayan isha'i, Erdington

Yau na kai ɗalibaina huɗu Manchester, gidan abincin 'yan Meksiko da Kyuba, tukwicin haddar da suka kammala. Don gudun shubuha na hana su nama, na zaɓa musu shinkafa da baƙin wake. Suka cinye tas, Hanifa har tana cewa, "Malama, wallahi ya fi garau-garaun Momi!"

Da murnata na tambayi mai kawo abincin sirrin daɗinsa. Ya ce da kitsen alade ake dafa waken.

Yaran ba su ji ba. Na san ba da gangan ba ne, amma ni aka ba amana, kuma ban tambaya ba kafin su ci. Gobe zan kira iyayensu. Wa zai sake ba ni 'yarsa?