Ƙarfen da Ya Kira Su Gonata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Talatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba zan tambaye ki gajiya ba, don inda kike an gama da ita. Mu dai muna nan bayan Tsaskiya inda kika bar mu, surukarki Saratu da yara duk lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san tun a aji huɗu ni da makaranta muka yi sallama, ba wanda ya yi kewar wani. Jikarki Rahila ta ce in na gama za ta sa a waya jama'a su karanta. Na ce ta sa, ai abin kunyar ya riga ya kai kasuwar Batsari.

Inna, ɗanki ya karye a daminar nan. Kin san huɗa aikin mutum biyu ne, ɗaya na jan shanu, ɗaya na riƙe da garma. Ni da wayona na aro shanun maƙwabcinmu Buba Bafulatani, na ce ni kaɗai na isa. Igiyar da ya kamata wani ya riƙe, sai na ɗaure ta a ƙuguna. Ƙuda ya ciji ɗaya, wani jan sa, ya zabura, ya ja ni a ƙasa kunya tara. Na tsinci kaina cikin gyaɗar mutane, ƙafar dama na kallon Safana, ni ina kallon Babban Duhu.

Za ki ce me ya hana in kira wani ya taya ni. Fushi nake da ikilisiya. Kin tuna tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a tsamiyar ƙofar majami'a, wanda ake bugawa a kira sujada? Shekara goma sha ɗaya ni ke buga shi. Gaskiya dai agogona ba ya shiri da na kowa. Wata Lahadi in buga mutane na tsakar wanka, wata Lahadin kuma Fasto ya kai rabin wa'azi. Dattawa suka zauna, suka miƙa aikin ga Yohanna. Na ce madalla, na koma gida na kwanta ciwon baya Lahadi bakwai, ciwon da ke warkewa kowace Litinin da safe. An yi gayya uku a gonakin 'yan'uwa, ko leƙawa ban yi ba.

Ba nan na tsaya ba. A bakin rijiya, gaban mutane, na ce Yohanna gulmata ya kai wa dattawa ya samu ƙarfen. Ƙarya ce, Inna. Tun ina faɗa na san ƙarya ce.

Mai ɗori ya ce wata biyu ba taka ƙasa. Gero ya kai gwiwa, ciyawa ta fi shi sauri. Gonar nan ita kaɗai ce abincinmu, don bayan tafiyarki gonarmu ta cikin daji ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga. Saratu ta ɗauki fartanya ta yi kwana biyu, ko kusurwa ɗaya ba ta ci ba. Ina kwance a zaure ina tunanin abin da zan ce wa yara bayan kaka.

Ran wata Laraba da sassafe sai na ji ƙarfe. Ba ranar sujada ba ce. A garin nan yanzu in aka buga shi ba lokaci, gaban kowa faɗuwa yake. Na ce ko rasuwa, ko gudu, ga ni kuwa ƙafa cikin kara. Can sai na ji waƙa. Suka wuce ta bayan danga, fartanya a kafaɗa, Fasto ya naɗe wando, Yohanna na gaba. Ikilisiyar ba ta kai rabin yadda kika san ta ba, da yawa sun koma birni, amma duk wanda ya rage ya fito. Buba ya biyo su da shanunsa, jan san nan na tafe kamar bai taɓa ganina ba.

Kin san mai gona ke ciyar da 'yan gayya. Ni ko tsaba ban jiƙa ba. Ƙawayenki na zumuntar mata suka shigo da tukwanensu da hatsinsu suka dama kunu a tsakar gidana, matar Buba ta aiko da ƙwaryar nono. Tsohuwa Rifkatu ta miƙo mani ludayi ta ce, "Sha, mai ciwon baya."

Kafin la'asar an nome, an huɗe. Ba wanda ya tsaya yi mani wa'azi. Na so a yi, da na samu abin musu.

A ranar na tuna ki, lokacin da kike ba ni tuwo in kai wa matar nan da ta zage ki a zumunta, ina ƙunƙuni. Kika ce, "Ishaya, ba mu muka zaɓi juna ba, Shi ya tara mu. In ka iya son su, ka so su. In ba ka iya ba tukuna, ka dai kai masu tuwon." Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Ni a ganina majami'a wuri ne da kowa ke da muƙaminsa, mai ganga da gangarsa, ni da ƙarfena. Shekara goma sha ɗaya ina buga shi don a ji ni. Yohanna ya buga shi sau ɗaya ran Larabar nan, aka ji yunwar 'ya'yana.

Yanzu gero ya nuna, Inna, zangarniya kamar damtsena. Na koma majami'a da sanda, a bencin baya nake zama, kuma ina isa kan lokaci, tunda mai ƙarfen ya iya aikinsa. Na bi gida gida na yi godiya. Yohanna ma na gode mashi, na ba shi dariya har da riƙe ciki. Amma maganar bakin rijiya tana nan ban janye ba. Sau uku ina buɗe baki, wasa ke fitowa. Kin san halin ɗanki.

Jibi ake girbin gonarsa. Na wasa magirbi, ƙafa ma ta yarda. Kafin in sunkuya, gaban mutanen da suka ji ƙaryar, zan ce na yi mashi ƙage, ya yafe mani. Na rubuta a nan ne don Rahila ta baza, in rasa hanyar zamewa.

Ubangiji ya ƙara maki hutu a wurinsa. Ya tsare 'yan gidajen da suka rage mana, ya albarkaci garken Buba har da jan san. Ni kuma ya riƙe mani baki jibi, kada wasa ya riga ni fita. Amin.

Ɗanki mai kewar tuwonki,
Ishaya, tsohon mai ƙarfe.