Takardar Shaidar da Babu Mai Rubuta Ta

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Kanada? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Sakkwato lahiya lau.

Maganar lardinku da ke neman masu walda ta lalace. Sun ce sai na kawo takardar shaida daga ubangidan da na yi wa aiki. Ka san ubangidana Baba ne, Allah shi jiƙan shi. Wani ya ce in rubuta da sunan shi, in sa hannu. Wallahi ban iya yi wa mamaci ƙarya.

Rabin ƙyamaren ƙarfen unguwar Ƙofar Rini ni na haɗa su, amma ƙyaure ba ya rubuta takarda.

Inna na gaishe ka. Ka sa ni cikin addu'a. Ɗakin da ka ce kana gyara mani, ka bar shi haka nan.

Ƙanenka,
Sani