Katin Lamba 58

Anti Rosalind,

Ranar Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a ƙaramin ɗakin taro da ke saman silimar unguwarmu a kudancin Landan, na yi wa wani dattijo abin da na kasa gyarawa. Don Allah ki taimake ni. Ranar Litinin ƙarfe goma na safe zan miƙa rahoto, kuma har yanzu ban san abin da zan yi da kati guda ɗaya ba.

Shekarata ashirin da biyu. Na gama jami'a a watan Yuli, a watan Janairu na sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke jin ra'ayin 'yan kallo kafin a saki fim. Ana nuna fim, a raba wa mutane kati su cike ba tare da suna ba, sannan mutum ashirin su tsaya a tattauna. Ranar ce karo na farko da aka bar mini tattaunawar ni kaɗai.

Fim ɗin na 'yan daba ne. An canza sunaye, amma kowa a unguwarmu ya san labarin Vic Marlow ne, wanda shi da yaransa suka riƙe titunan bakin kogi kusan shekara hamsin da suka wuce. Ya mutu kafin a haife ni. Mu dai mun taso muna jin cewa yana girmama tsofaffi, kuma a zamaninsa ba a kulle ƙofa. Daraktan ne ya nace a nuna fim ɗin a nan, don ya ji bakin mutanen wurin.

Mutum 187 suka zo, 181 suka dawo da kati. Mutum 143 sun ce fim ya yi kyau ƙwarai. A tambaya ta shida, wato wane wuri ya fi burge ka, mutum 96 sun zaɓi wurin shagon soya kifi da dankali. A wurin, mai shagon ya ƙi ɓoye wa 'yan daban kayan sata, sai ogansu ya tsoma hannun hagu na mutumin cikin mai mai tafasa yana barkwanci, ya gama ya ɗauki dankali ya barbaɗa gishiri ya fita yana ci. An yi dariya har da tafi. Ni ma na yi murmushi, ba zan ɓoye miki ba.

Takardar koyarwarmu, shafi na huɗu, ta ce mai jagora ya zaɓi kati ɗaya da ya saɓa wa ra'ayin jama'a, ya karanta da ƙarfi ba tare da suna ba, don magana ta motsa. Ina da minti goma sha biyu na duba katunan. Na ɗauki lamba 58 domin ya fi kowanne saɓawa. An rubuta da fensir: "Hannun dama ne, ba na hagu ba. Bai yi ihu ba, kuma babu wanda ya yi dariya. Ina tsaye bayan kantar shagon, shekarata ashirin da uku. Shekara goma sha tara mahaifiyata tana yanka wa mahaifina nama a faranti har ya mutu."

Na karanta shi duka, Anti, har ƙarshe, da irin muryar da aka koya mana. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Ni da aka haifa a titi na uku daga silimar, na manta cewa a wurinmu kati ba ya buƙatar suna. Shagon kifi ɗaya ne a lokacin, ɗan mai shagon kuma ɗaya ne.

Wata mata a layin gaba ta juya kujerarta gaba ɗaya. Madam Brenda ce, 'yar Vic Marlow, wadda ke kawo kek kulob ɗin tsofaffi kowace Talata. Ta ce, "Reg Tolley, ashe ka iya rubutu? Shekara nawa kana cin kek ɗina, ba ka taɓa cewa ya maƙale maka ba." Wani daga baya ya ce, "Mu a nan ba ma kai ƙara, Reg, balle ƙarar matacce." Mista Tolley ya miƙe, ya sa hularsa, ya tsaya dab da teburina ya ce a hankali, "An ce mana babu suna, 'yar nan." Ya fita. Ni kuma na ci gaba da tambaya ta bakwai, domin ita ce ta gaba a takarda. Wannan ya fi komai damuna.

Kakata tana zuwa kulob ɗin. Ta ce ranar Talata Mista Tolley ya zo, ya zauna a teburin da suka saba buga karta, mutum uku suka kwashi shayinsu suka koma kusa da taga. Bai kai minti goma ba ya tafi. Ta dube ni ta ce, "Mun tura ki jami'a kin koyo karatu, madalla. Ba su koya miki duba wa ke zaune a ɗakin ba?" Tun daga nan ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai ta turo mini abinci ta koma kallon talabijin.

Shugabata a ofis, Imogen, ta ce ban karya doka ko ɗaya ba. Ta ba ni zaɓi biyu. Ko na sa katin a rahoto, kuma ta ce daraktan zai so ya gana da mutumin, wataƙila har a yi hira da shi lokacin tallar fim. Ko na cire shi, domin ƙa'idarmu ta yarda a bar ra'ayin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa. Idan na sa, na sake tona shi, wannan karon ga ƙasa duka. Idan na cire, na share magana ɗaya tak da ya yi a shekara arba'in da takwas. Na je ƙofarsa sau biyu, Laraba da Alhamis, ban ƙwanƙwasa ba. Na rubuta wasiƙa uku, ta ƙarshen shafi biyar ce.

Ga abin da ban sani ba:
ko ya rubuta katin ne don a gyara fim ɗin, ko don kawai ya huce;
ko Madam Brenda ta san abin da mahaifinta ya yi kafin ranar;
ko mutum nawa cikin 96 ɗin nan suka san shagon gaske ne;
ko zai koma kulob ranar Talata;
ko yana son ya sake ganin fuskata.

Jikar Titi Na Uku

*

'Yata,

Abubuwa biyar kika lissafa. Uku daga ciki mutum ɗaya ne ke da amsarsu, kin kuma san ƙofarsa.

Bari na fara sauke miki rabin kayan. An bar sabuwar ma'aikaciya ita kaɗai, da ƙa'idar da aka rubuta don baƙin da ba su san juna ba, aka kai ta ɗakin da kowa ya san kakan kowa. Kamfaninku na da nasa laifin. Waɗanda suka yi dariya ma ba mugaye ba ne. Fim ya san yadda zai sa mutum dariya kafin ya yi tunani. Ita ma Madam Brenda 'ya ce, an karanta mata ubanta a bainar jama'a ba shiri, ta rama da abin da ya zo bakinta.

Sauran rabin naki ne. An yi wa Mista Tolley alkawari, kuma ta bakinki aka karya shi. Ki ɗauka, kada ki raba shi da shafi na huɗu.

Zaɓi biyun da Imogen ta ba ki matsalarsu ɗaya: a duka biyun, ke ce za ki sake yanke hukunci a kan maganarsa ba ki tambaye shi ba. Mutumin da ya yi shiru shekara arba'in da takwas sannan ya ɗauki fensir yana son wani ya ji. Ina zaton masu fim yake nufi, ba maƙwabtansa ba. Amma zato ne, nawa da naki duka.

Gobe Lahadi da hantsi ki je ki ƙwanƙwasa. Ki bar wasiƙar shafi biyar a gida. Ki ce masa an yi masa alkawari kin karya, kuma kin yi nadama. Kada ki ambaci lissafi ko ƙa'ida. Idan ya tsaya, ki gaya masa katin yana hannunki har Litinin, ki tambaye shi abin da yake so: a kai wa darakta yadda yake, a kai ma'anarsa kawai ba tare da abin da zai nuna shi ba, ko a ajiye. Ki faɗa masa gaskiya cewa ana maganar hira, don ya zaɓa idonsa a buɗe. Abin da ya ce, shi za ki yi, ko da bai yi miki daɗi ba.

A rahoton, ki sa alƙalumanki yadda suke. Ki ƙara layi ɗaya cewa an gane wani mai kati a ɗakin, don haka maganarsa ba za ta fita ba sai da izininsa, kuma bai kamata a sake karanta kati da ƙarfi a irin wannan unguwa ba. Imogen za ta iya ɓata rai. Sabon ma'aikaci yakan tsira daga ɓacin ran shugaba.

Zancen kulob kuwa ba naki ba ne. Ki roƙi kakarki, sau ɗaya, ta kai shayinta teburinsa ranar Talata. Ina jin abin da take jira ke nan.

Zai iya rufe miki ƙofa. Idan ya rufe, amsa ce: ki ajiye katin, kada ki koma sai ya neme ki. Ba zan yi miki alkawarin yafiya ba, domin ba tawa ba ce. Ki ci abinci sosai kafin ki fita, ki ƙwanƙwasa da ƙarfin da tsoho zai ji, ki tsaya har a buɗe. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, shi kuma ya ba shi sauƙi.

Anti Rosalind